Tafiya da matasa biyu a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa: ina iyakar sakin linzami?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa tafiya da yara matasa a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Ni da maigidana za mu yi tafiyar kwana 7 tare da 'yarmu mai shekara 16 da ƙanenta mai shekara 13, kuma an ba mu ɗakuna biyu da ke jikin juna, kowanne da barandarsa mai kallon teku. Tun ranar da na ga hoton barandar nan barci ya ƙaurace wa idona, domin yaron nawa ba ya iya ganin abin hawa ya ƙyale. Maigida ya ce jirgi wuri ne killatacce, babu inda yaro zai je ya ɓata, saboda haka a sakar musu mara su ji daɗin hutunsu. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, amma kuma ba na so in zama uwar da ke bin 'ya'yanta ƙafa da ƙafa har su gundura da tafiyar. Shin ya halatta a bar su su yi yawo su kaɗai, kuma idan haka ne, da waɗanne sharuɗɗa?

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi shekara 6 ina aiki a teburin karɓar ƙorafin fasinjoji, kuma zan fara da barandar da ta hana ki barci, domin ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Tun shekarar 2010 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa jiragen da ke ɗaukar fasinja ko sauke su a tashoshinta cewa shingen gefensu kada ya gaza inci 42, wato ya ɗan haura mita ɗaya, kuma yawancin manyan jirage haka shingensu yake duk inda suke aiki. Mutum ba ya tuntuɓe ya tsallake irin wannan shinge. Sai ya taka kujera, ko ya zauna a kansa don ɗaukar hoto, ko ya yi yunƙurin tsallakawa barandar maƙwabta, wanda shi ne abin da nake tsoro ga yaro mai shekara 13 da ɗakin iyayensa ke gefe. Ki gaya masa ƙarara cewa wannan ba abin wasa ba ne, sa'annan ranar farko ki roƙi mai kula da ɗakinku ya nuna miki yadda ake kulle ƙofar barandar, ko ya janye kujerun da teburin daga jikin shinge.

Inda na saba da maigidanki shi ne batun killacewa. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana da hawa 20 kuma yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata. Ko jirgin da bai kai rabinsa ba gari ne guda cike da baƙin da ba ki san halinsu ba, ga mashaya a buɗe har tsakar dare. Akwai kyamarori a farfajiya da matakala da wuraren taruwa, amma babu ko ɗaya a cikin ɗakunan kwana, kuma a alƙaluman da ma'aikatar sufurin Amurka ke fitarwa duk wata uku, cin zarafi ta hanyar lalata shi ne laifin da aka fi kai rahotonsa a jiragen nan. Saboda haka dokar da zan kafa tun kafin kowace ita ce: ba sa shiga ɗakin kowa, ba sa shigo da kowa ɗakinsu, ko da sa'ansu ne da suka wuni suna wasa tare, kuma ba sa faɗa wa kowa lambar ɗakinsu. Idan aka ƙwanƙwasa, su leƙa ta 'yar kafar da ke jikin ƙofa tukuna. Haka nan duk ma'aikacin da ya gayyaci fasinja zuwa ɓangaren da aka rubuta na ma'aikata kaɗai, ya karya dokar aikinsa, kuma a sanar da jami'an tsaro nan take.

Uwar 'Yan Mata ta amsa:

'Yar'uwa, bari in ba ki labarin abin da ya same ni, ko kya tsira daga irinsa. A tafiyarmu ta farko 'yata tana da shekara 15, na kai ta zauren matasa na jirgin, na sa hannu a takarda, na tafi da zaton cewa tana hannun masu kula har in dawo. Ashe zauren ƙananan yara ne kaɗai ake hana fita sai uwa ko uba sun zo; matashi kuwa yana shiga ya fita yadda ya ga dama, kuma babu wanda zai kira ki ya ce ta tafi. Daren kwana na uku na je ɗaukarta da ƙarfe goma sha ɗaya aka ce ai tun tara da rabi suka watse. Na tura saƙo ta manhajar jirgin, shiru, domin wayarta ta mutu. Na yi sama na yi ƙasa, daga hawa na biyar zuwa na goma sha huɗu, takalmina a hannu saboda ya fara cin ƙafata, ina leƙa kowane lungu ina kiran sunanta. Sai kusan ƙarfe ɗaya wani jami'in tsaro ya same su a can saman jirgi ta baya, su bakwai a kan kujerun shan iska, suna wasan kati da hasken waya. Babu abin da ya same ta, amma biyu daga cikin samarin da ke wurin sun haura shekara 20, kuma ita ba ta ma san sunayensu na gaskiya ba.

Daga washegari na sauya tsari. Saƙon waya ba ya wadatar da ni, sai na ga fuska: muna haɗuwa da hantsi, da la'asar, da lokacin cin abincin dare, a wuri ɗaya da ba ya canzawa, kuma wanda ya makara da minti goma sha biyar ya rasa fitar gobe. Na kuma koya mata cewa duk abin shan da ta ajiye ta juya baya, ko wanda wani ya miƙo mata ba daga hannun mai sayarwa ba, ya zama haramiyarta. Tunda naki biyu ne, ki haɗa su, amma kada ki ɗora wa babbar renon ƙaramin dare da rana, domin idan ta gaji za ta sallame shi ne ba tare da ta gaya miki ba.

Baban Samari ya amsa:

Hajiya, na yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai zan ɗan kare maigidanki. Yaron da aka ɗaure tamau ba ya daina fita, dabarar ɓoyewa kawai yake koya, kuma wanda ya fita a ɓoye ba zai zo ya gaya miki wani ya tsare shi da maganar banza ba. Ni nakan bar nawa su sake da rana, in matsa da dare. Kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival suna hana 'yan shekara 17 zuwa ƙasa yawo ba tare da babba ba daga ƙarfe ɗaya na dare, amma wannan iyakar kamfani ce, kuma a ganina ta yi nisa ƙwarai ga ɗan shekara 13. Nawa ƙarfe goma suke shiga ɗaki, kuma da idona nake tabbatarwa.

Abin da ba a ambata ba shi ne atisayen gaggawa. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio na Italiya a ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka cewa a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, domin a wancan daren akwai ɗaruruwan fasinjojin da ba a riga an yi musu shi ba. Ki taka da su har wurin taruwar gaggawa da aka rubuta a katin shiga ɗakinsu, ki sa kowannensu ya kai ki can da kansa daga wani hawa dabam. Alamar gaggawa ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya, kuma idan suka ji ta, wurin taruwa za su nufa kai tsaye, ba neman ki a ɗaki ba. Ranar da jirgi ya tsaya a tasha kuwa, ba na barin ko ɗaya ya sauka shi kaɗai, domin agogon jirgi yakan bambanta da na garin da aka tsaya, wayar hannu kuma takan koma agogon gari da kanta, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na nuna wa maigida amsoshinku, ya yi shiru na ɗan lokaci sa'annan ya ce shi zai kwana da yaron, ni da yarinyar. Saura tambaya ɗaya ga Malam tsohon ma'aikaci: idan, Allah Ya kiyaye, wani ya taɓa ɗayansu ko ya tsoratar da su, wa ake fara kira a tsakiyar teku?

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya amsa:

Rabon ɗakunan nan da kuka yi ya warware rabin matsalar, Hajiya. A jikin wayar kowane ɗaki akwai lambar gaggawa, kuma akwai irin wayoyin nan a farfajiyoyi. Ki sa su haddace lambar tun ranar farko. Jami'an tsaron jirgi ake fara kira, daga nan a wuce asibitin jirgin ba tare da an yi wanka ko an wanke tufafi ba idan an taɓa jiki, domin a nan shaida take. Ki dage a rubuta rahoto, ki karɓi kwafinsa, ki kuma nemi a adana hotunan kyamarorin wannan lokaci. Ki sani cewa jami'an tsaron jirgi ma'aikatan kamfani ne, ba 'yan sanda ba, kuma a tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgin ya yi rajista ce ke aiki, wadda sau da yawa Bahamas ce ko Panama ko Malta. Idan tafiyar ta shafi tashar Amurka, manyan laifuka ana kai rahotonsu ga FBI, wato hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Duk da haka kina da ikon kai ƙara da kanki ga 'yan sandan tashar da za a tsaya a gaba, da kuma ofishin jakadancin ƙasarku, don haka ki rubuta lambobinsu a takarda kafin ku tashi, ki ajiye ta tare da fasfo.