Me za mu kira "enzayim" da Hausa? Jama'ar Katsina da Daura, ku taimaka

Ina shirya bayani ga ɗaliban sakandare a nan Katsina kan yadda ake warware sharar roba, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: enzayim. Ina so mu samo mata sunan da tsohuwa mai sayar da kunu za ta ji ta gane. Na riga na jefa tambayar, wasu sun aiko da sunayen da suke ganin sun dace, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ai tsohuwar ta riga mu sanin aikinsa. Idan ta dama kunun zaƙi ya yi kauri, ta zuba niƙaƙƙen tsiron dawa ko ɗanyen dankali ta rufe, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi ba sukari. Abin da ke cikin tsiron nan, wanda ya daddatse sitaci ya mai da shi sukari, shi nake nema wa suna. Irinsa ne a yawun bakinmu, da ganyen gwanda da ke tausasa nama, da ruwan tumfafiya da ke daskarar da madara a yi cuku.

To ina ruwan roba? A 2016 masana a Jafan suka ba da labarin wata ƙwayar bakteriya da suka tsinto a garin Sakai, a wurin tara tsofaffin gorunan roba, tana fitar da enzayim mai cin robar gorar ruwa. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa ya nuna wani da aka inganta, wanda cikin awa 10 yake warware kashi 90 cikin 100 na robar, a sake ƙera sabuwar gora da abin da ya fito. A 2021 kuma, a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, aka cusa enzayim a cikin jikin robar tun wurin ƙira, ta yadda in ta samu ɗumi da laima za ta ci kanta.

Wani malami da ya rubuto daga Daura ya ce a kira shi "sinadarin narkarwa". Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja. Narkewa aikin wuta ne, kamar yadda masu injin ke narka tsofaffin robobin da 'yan jari-bola ke kai musu. Robar tana nan robarta, siffa kawai ta sauya, ingancinta kuma yana raguwa. Enzayim kwance ƙullin yake yi har a koma ga asalin kayan haɗi. Sannan ba dukansu ke warwarewa ba, akwai masu ginawa.

"Yisti" da wata Hajiya ta kawo ma ba zai yi ba, don yisti abu ne mai rai, yana ci yana hayayyafa. Enzayim furotin ne, mai rai ke samar da shi, shi kansa ba shi da rai. Wanda ya ce "ƙwayar cuta" kuwa, wannan zai sa mutane su gudu.

Wanda ya kwanta mini shi ne na wata 'yar'uwa mai karatun kimiyya: "zugau". Ƙirar Hausa ce tsantsa, irin ta mantau da jimrau. Kuma ku dubi halin mai zuga: ba shi ya kawo faɗan ba, amma shi ya hanzarta shi, a yi a gama ya fito ko ƙwarzane babu, ya wuce wani wurin ya sake. Haka enzayim yake, aikin ba ya cinye shi. An ce kalmar tana da warin tsiya. Gaskiya ne, amma yaro ba zai manta ta ba. Sai mu ce "zugau mai warware roba", "zugau mai tsinka kunu", don kowanne da abin da yake taɓawa.

Akwai kuma kalma ta biyu da ta fi damuna, wato sunan robar da ake cewa tana ruɓewa, irin wadda ake yi da sitacin masara ko sukarin rake. Kada mu kuskura mu kira ta "leda mai ɓacewa". Yawancinta sai an kai ta wurin haɗa taki mai zafi kusan digiri 60 da laima, ta yi makonni, kafin ta ruɓe. A busasshiyar ƙasarmu da iskar hunturu, za ta zauna a kwalbati ta toshe ruwa kamar ledar fiya wata, tunkiya ta haɗiye ta mahauci ya tarar da ita dunƙule a tumbi. In suna ya ce wa mutum yar da ita ba komai, sunan ya cuce mu. Ni na fi son "roba 'yar taki", don sunan ya faɗi inda za a kai ta.

Da waɗannan biyun zan shiga aji ranar Litinin in Allah ya kai mu. Jam'in zugau ne ya rage. A yanzu "sinadaran zugau" nake rubutawa, malaman Hausa na jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ku duba mana ko ya zauna.