Wanda ya saurari littafi, ya karanta shi?

Malam Babba: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a zamanmu na wata na masu karatun littafi a nan Jos na ce waɗanda suka gama littafin da muka ɗauka su ɗaga hannu, mutum 9 suka ɗaga. Da na ce kowa ya buɗo babi na huɗu, sai ga shi mutum 3 kaɗai ke da littafin a hannu. Biyu suka zaro waya, ragowar kuwa wai "sun ji shi", wato sun saurari muryar wani da aka ɗauka yana karanta shi. To ga matsayata, a rubuta a ajiye: wanda ya saurari littafi bai karanta shi ba, karanta masa aka yi. Na waya ma rabin karatu ne. Gani ya kori ji.

Maman Ikram: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, da ni ake, don ni na fara cewa na ji shi. Tun takwas na safe nake kan keke a shagona na Dilimi har la'asar sakaliya, ga ɗinkin biki an jibge mini. Hannuwana na kan yadi, ƙafa na kan feda, ido na kan allura. Kunne ne kaɗai ke zaman banza, shi na ba aiki. A yi mini tambaya daga kowane babi, in na faɗi in biya kuɗin shayin zama mai zuwa. Kuma in gani ya kori ji, ai kunne ya girmi kaka.

Malam Babba: 'Yata, ban ce ba ki san labarin ba. Kakata ta san tatsuniya ta fi ɗari, amma ko alif ba ta sani ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran ta mai karatu. Sanin labari daban, karatu daban.

Ɗan Kibo: Malam, mu direbobi fa sai ka yi mana a hankali. Daga Jos in gangara Hawan Kibo, in bi Akwanga da Keffi, in zo in maƙale a cunkoson Mararaba, littafi guda nake cinyewa zuwa da dawowa. Da can waƙa nake sha har kaina ya yi ciwo. Rabona da riƙe littafin takarda tun ina aji uku a sakandare, amma bara na saurari sama da ashirin. In wannan ba karatu ba ne, a raɗa masa suna, ni dai ba zan daina ba.

Alaramma: Malam Babba, a yi mini afuwa in sa baki. Kalmar karatu kanta ba ta ido kaɗai ba ce a wajenmu. Yaro a makarantar allo sai an biya masa ya maimaita, ya haddace surori da ka, kafin ya san babbaƙu da farfaru, kuma cewa muke yana karatu. Muna cewa wane ya ɗauki karatu a wajen malam wane, daga baki zuwa kunne. Malaman hadisi da suka jera hanyoyi 8 na ɗaukar hadisi, ji daga bakin malami suka sa a gaba. Wanda ya tsinci takarda kawai ya karanta, abin da suke kira wijada, shi suka sa a ƙarshe. Ga kuma makafi mahaddata, wa zai buɗe baki ya ce ba su da karatu?

Malam Babba: Madalla, an zo wajen. Allah gafarta Malam, almajirin da ke gabanka a karatun zaure ɗinki yake yi? Tuƙi yake yi? A durƙushe yake, littafi buɗe a gabansa, yatsa a kan layi. In kalma ta shige masa duhu ya ce a maimaita, ka maimaita, ka jarraba shi. Wancan ji ne mai ladabi. Wannan kuwa murya ce ke zuba kamar famfo, mai keke ya tsinke zare ya shiga neman ramin allura, shafi biyu sun bi ta bayan kunne bai sani ba.

Alaramma: Wannan kam na ba ka. Jin mai durƙuso da jin mai aiki ba ɗaya ba ne.

Maman Ikram: Akwai wajen mayarwa baya fa, Malam. Ina dannawa.

Malam Babba: Sau nawa?

Maman Ikram: To, in kwastoma ba ta tsaye a kaina.

Auta: Baba Malam, ku bar ni in kawo abin da muka gani a aji, kowa zai sami nasa. A 2018 wasu masana a Sifaniya sun tattara bincike 54 da aka yi a kan mutum sama da 170,000, suka ga masu karatu a takarda sun ɗan fi masu karatu a fuskar na'ura fahimta. Amma bambancin a rubutun bayani ya fito, irin na darasi, musamman in an ƙayyade lokaci. A ƙagaggen labari bai fito ba. Sannan a 2019 a jami'ar Berkeley ta Amurka an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron labarai, aka sake ɗauka suna karanta labaran da ido, aka ga kusan wurare ɗaya ne ke sarrafa ma'ana.

Maman Ikram: Allah ya yi miki albarka, Auta. Malam ka ji ko, ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ta wace ƙofa aka shigo.

Auta: Anti kada ki yi saurin guɗa. Mutum 9 ne kacal a wancan na biyun, kuma a kwance suke cikin na'ura ko motsi ba sa yi, ba wanda ke lanƙwasa sitiyari a Hawan Kibo. Ni kaina littafin soyayya a waya nake karantawa cikin bargo, don sanyin Disamba na garin nan ba ya barin mutum ya fito da hannu biyu. Amma in jarrabawa ta matso sai na je bakin jami'a a titin Bauchi an buga mini a takarda, in bi da jan biro. A waya ina tsaka da karatu saƙo zai faɗo, kafin in ankara na yi rabin awa a TikTok.

Anti Marubuciya: Tun ɗazu ina bin ku, ba wanda ya tambayi mai rubutun. Malam, ni ma na fi son takarda. Ranar da na fara riƙe littafina bugagge sai da na yi ƙwalla, har sansanar sa nake yi. Amma wa zai biya? Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, masana'antun nan uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da gazawa, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuɗin bugu ya fi ƙarfin irina. In na yi ƙarfin hali na buga, in kai wa 'yan kasuwa bashi, in yi shekara ina bin kuɗina. Shagunan hayar littafi da muka tashi muna zuwa da 'yan canjin cefane, nawa suka rage a Gangare ko Unguwar Rogo? Yanzu ina rubuta shafi da dare in saki a WhatsApp da safe, mai so ta tura kuɗi ta nuna shaidar biya in sa ta a guruf, kafin azahar na ji ra'ayin mata hamsin. A zamanin takarda sai dai wasiƙa, in ta zo.

Amma fa ku masu saurare, ina da ƙorafi a kanku. Littafina na uku ban gama sakin sa ba na ji wani yana rera shi a tasharsa ta YouTube, da tallace-tallace a tsakani, ko sallama bai yi mini ba. Ya canza wa jarumar suna, ya tsallake shafin da na rubuta ban yarda a juya mini littafi ba. Dokar haƙƙin mallaka sabuwa tana nan, an sa mata hannu a Maris 2023, amma ni da ke neman kuɗin data ina zan iya da lauya? Sai dai Allah ya isa.

Ɗan Kibo: Subhanallahi. Anti, gaskiya ban taɓa tunanin wannan ba. A tasha ake tura mana a memori, ba na ma sanin sunan mai littafin.

Malam Babba: Kun ji ko? Ya sha littafi ashirin bai san wanda ya rubuta ko ɗaya ba. Mai takarda kullum sai ya ga sunan a bango kafin ya buɗe. Sannan ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa, ina duba takardun jarrabawa. Yaran yanzu "yaci" suke rubutawa maimakon "ya ci", "inaso" a haɗe, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa an yi mata jana'iza, ba ka bambanta kafa da ƙafa sai ka yi duba. Daga ina suka koya? Daga littattafan waya da ba edita ya gani. Mai saurare kuma ko kuskuren ma bai gani ba, balle daidai. Kunne ba ya koya wa hannu rubutu.

Anti Marubuciya: Nan kam ba ni da ta cewa. Da babban yatsa nake rubutu ƙarfe ɗayan dare, ba mai duba mini.

Alaramma: Sai dai rubutun bokon namu ma bai ɗauke komai ba, Malam. Rubuta mini wannan: kuka kuka ji a gindin kuka. Kalma ɗaya ido ya gani sau uku, baki ne ya raba su. Ba ma sa alamar karin sauti, ba ma nuna dogon wasali. Yaran Abuja da Hausarsu ta yi rauni, in ka ba su takarda sai su yi ta tuntuɓe, in suka ji a bakin gwani sai ta zauna.

Malam Babba: Duk da haka takarda ita ce mai zama. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet da marubutanmu suka zuba littattafai a ciki, ba a rufe ta a ƙarshen 2023 ba? Microsoft da girmansa ya rufe shagon littattafansa na intanet a 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai kuɗi aka mayar musu. Nawa kuwa na kan kanta tun ina saurayi, ba ruwansu da caji, ba ruwansu da an ɗauke wuta.

Ɗan Kibo: Malam, a Rikkos gidanmu yake. Daren ambaliyar 2012 akwatin ƙarfen mahaifinmu cike da littattafai ya kwana a ruwa. Da muka buɗe, duk sun manne sun zama curi ɗaya kamar daddawa, muka shanya a kan kwano sati guda, ko shafi ɗaya bai ɓantaru lafiya ba. Masu shagon littafi a kasuwar Terminus ma a tambaye su abin da gobarar 2002 ta bar musu.

Kawu (saƙon murya ne, Auta ta rubuta): Babba, ina jin ku, jikata ke karanto mini. Ka san ni, tare muke layin sayen Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shekara shida ke nan hawan jinin ido ya rufe mini na dama, na hagun ma sai inuwa. Littafin saurare ai don irinmu aka fara shi, a Amurka da Ingila cikin shekarun 1930, a kan faifan garmaho, har da sojojin da suka makance a yaƙin duniya na ɗaya. Yaran makarantar makafi ta Gindiri da yatsa suke bi, su kuma me za ka ce da su? Amma zan faɗa maka abin da na rasa, don kai ba ka faɗe shi ba. Da, in ina karatu, muryata nake ji a kaina. Ni ke ba sarki muryarsa, ni ke ba mugu tasa. In jimla ta yi mini daɗi sai in kife littafin a ƙirji in yi shiru, in sake ta sau uku. Yanzu wani yaro ne ke yanke mini inda za a yi sauri da inda za a ja numfashi, wani wajen ya yi dariya inda ni da kuka zan yi. Wannan kam rashi ne. Amma kada ka ce ban karanta ba.

Malam Babba: Yaya, ai lalura daban. Ban da kai a maganata.

Kawu (saƙon murya): Kada ka cire ni, ba sadaka na zo nema ba. In ji karatu ne a wajena, karatu ne a wajen mai keke. Kuma Magana Jari Ce da kake taƙama da shi, wanda Abubakar Imam ya fitar tun 1937, labaran ba a bakin aku aka zuba su ana saurare ba?

Malam Babba: An zuba a bakin aku, amma da alƙalami aka zuba. Ban janye ba, sai dai na rage: a labari na yi shiru, a littafin ilimi da koyon rubutu ina nan a kan bakana. Zama mai zuwa kowa zai rubuto shafi ɗaya da hannunsa a kan littafin wata, mu ga na ido da na kunne.

Maman Ikram: Na yarda, da sharaɗin Malam zai karanta mana babi ɗaya da bakinsa, in ɗauka a waya in tafi da shi shago.

Malam Babba: Sai an dawo mini da littafina tukuna. Tun ƙaramar salla wani a zauren nan ya ari juzu'i na biyu, mai bangon da na liƙe da salatif. Wa ke da shi?

Malam Babba: Shiru? Ga shi waya ta nuna mini mutum 14 sun buɗe saƙon.

Kawu (saƙon murya): To ka gani, Babba. Sun karanta, ba su ji ba.