Duba-gari sun ba ni kwana 7, ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin gidan abinci a bakin titi. Duba-gari daga ƙaramar hukuma sun bar mini takarda: in gyara kwata, in kawo shaidar gwajin lafiyar ma'aikata cikin kwana 7, ko a rufe wurin. Washegari wasu suka zo karɓar kuɗin shago da na allon talla, wai a hannu. Me ya kamata in yi?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki raba maganar biyu, don ba ofishi ɗaya ba ne. Takardar gargaɗi daga sashen lafiya take. Ki duba ko akwai sunan jami'i, sa hannu, hatimi, kwanan wata da abin da za a gyara. A ƙa'ida tafiyar haka take: dubawa, gargaɗi mai wa'adi, sake dubawa, sannan sammaci zuwa kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka, wadda ke yanke tara ko ta ba da umarnin rufewa. Ana tsallake matakan ne idan akwai haɗari nan take, kamar ɓarkewar amai da gudawa. In kwana 7 ba za su isa ba, ki rubuta wa shugaban sashen neman ƙarin lokaci tun wa'adin bai cika ba, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Alkawarin baki ba ya tsaya miki a kotu.

Amsa ta biyu: Hajiya, kwatar ce babbar magana. Kwatar gidan abinci maiko ke kashe ta: man gyaɗa da manja suna bin ruwan wanke-wanke, su daskare, su kama shinkafa da ƙashi, ruwa ya kwanta ya yi wari. Yashewa kawai ba ta wuce mako biyu. Ki sa magini ya yi ƙaramin rami na siminti mai ɗaki biyu da murfi, tsakanin wurin wanke-wanke da kwata. Bututun fita, mai inci 4, a sa masa gwiwa, wato lanƙwasasshen bututu, ta kalli ƙasa, don ya ja ruwan ƙasa ya bar maikon yana yawo a sama. A kwashe shi duk mako, a sa raga a bakin magudana. In za a haƙa ramin ruwan dauɗa, ya yi nesa da rijiya, kamar mita 30. Kafin su dawo kuma ki tanadi kwandon shara mai murfi, ruwa da sabulu a wurin wanke hannu, sannan ɗanyen nama kada ya haɗu da dafaffe a faranti ko katako ɗaya. Hotuna kafin gyara da bayansa suna taimakawa.

Amsa ta uku: Gwajin a asibitin gwamnati za a yi shi, yawanci na tarin fuka, taifot da ciwon hanta, kuma har mai wanke kwanuka. Nan ake yawan kama mutane, don sai ka ga mai girki kaɗai suka kai gwaji.

Amsa ta huɗu: Kan kuɗi kuwa, 'yar uwa, suna da hurumi. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da allunan talla. Amma hurumi daban, karɓa a aljihu daban. Ki nemi takardar neman biya mai sunan shagonki da shekarar da ake bi, ki je sakatariya ki tabbatar da adadin a sashen kuɗin shiga, ki biya ta asusun hukuma, ki karɓi rasit mai lamba. Ki tambaya ko jiharku ta karɓe kuɗin allon talla, kada ki biya sau biyu. In har aka sa kwaɗo, kada ki fasa shi da kanki, wannan sabon laifi ne. Ki nemi ganin umarnin rufewar, ki tafi da rasit ɗinki da shugaban ƙungiyar masu sayar da abinci na yankinku.