Taƙaitawa: Duba Ƙarshen Babban Hanji (Sigmoidoskofi)

Ga abin da na tattaro daga bayanan da aka yi a kan sigmoidoskofi, gwajin leƙa cikin hanji don neman tsiro ko ciwon daji.

An yi ittifaƙi a kan:
1. Bututu ne mai lanƙwasuwa, da kyamara a bakinsa, tsawonsa kusan santimita 60. Dubura da ɓangaren hagu na babban hanji kawai yake gani.
2. Ana matsa maganin wanke hanji ta dubura awa ɗaya ko biyu kafin a shiga. Nan aka fi jaddadawa: in bayan gida ya rage, yakan rufe ƙaramin tsiro, likita ya wuce bai gani ba, sai an sake.
3. Mai shan maganin tsinka jini, na ƙarin jini ko na suga ya sanar da likita tun da wuri.
4. Kwanciya ake yi ta gefen hagu, gwiwoyi a naɗe, minti 10 zuwa 20, galibi ba allurar barci. Iskar da ake hurawa ce ke kawo kumburin ciki, takan fita da kanta.

Inda aka rabu: wasu sun fi son kolonoskofi (duba babban hanji gaba ɗaya), don ciwon daji na iya ɓoyewa a dama inda wannan bututun ba ya kaiwa. Wasu suka ce sauƙin shiri ya sa mutane sun fi yarda da wannan, a maimaita duk bayan shekara 5, in an ga tsiro a yi kolonoskofi. Shekarun fara gwajin ma an rabu a kai, 45 ko 50.

Don Allah, jini a bayan gida kada a ce basir ne kawai. Bayan gwajin kuwa, zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko ciwon ciki mai tsanani, a koma asibiti nan take, hanji na iya hujewa ko da yake ba kasafai ba.