Wa zai ceto mana kaset ɗin kakarmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa, taimako nake nema. Muna da tsohon kaset da Baba ya ɗauki kakarmu tana waƙar niƙa a gidanmu na Ƙofar Doka a Zariya, har ƙarar dutsen ana ji ƙarƙashin muryarta. Ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma babu wanda ya haddace baitocin, alhali a ciki take jero sunayen iyayenta da kakanninta.

Yanzu zaren ya yi funfuna, rikoda kuma ta tauna wani wuri. Mai gyaran rediyon da na kai wa a Sabon Gari ya ƙi taɓawa, gudun kada ya tsinke. Don Allah wa ya san mai iya goge funfunar zaren, ya liƙe shi, ya juye mana waƙar a waya? Ko Kaduna ne zan je.