Neman kalmar Hausa: me za mu kira "utilitarianism"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana muhawara kan ko ya dace a ɗora mutum-mutumi da motoci masu tuƙa kansu a kan utilitarianism. Wasu na rubuta "maslaha", wasu "aƙidar amfani". Wanne za mu riƙe?

Malamin falsafa: Wa alaikumus salam. Don Allah a bar "maslaha" inda take. A usulul fiƙhu tana da shinge: ba ta tsallake nassi, kuma aikinta tsare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Utilitarianism kuwa, wato ra'ayin da masanin falsafa Jeremy Bentham ya shimfiɗa a 1789, takwaransa John Stuart Mill ya faɗaɗa a 1863, ba shi da wannan shingen. A tara jin daɗin kowa, a ɗebe wahalar kowa, aikin da ragowarsa ta fi yawa shi ne daidai. Duk wanda ya karanta "mota mai bin maslaha" zai saki jiki da abin da bai kamata ba.

Wata malama: To, "fifita masu rinjaye" fa?

Injiniya: Malama, ba ƙidayar kawuna ake yi ba. Na'urar da aka ɗora a kan wannan ra'ayi tana ba kowane sakamako maki, ta ninka shi da yiwuwar aukuwarsa, sannan ta tara. A ce birki ya tsinke. In ta miƙe, akwai yiwuwar kashi 90 cikin 100 mutum ɗaya ya mutu, wato 0.9. In ta kauce, kashi 10 cikin 100 mutum biyar su mutu, wato 0.5. Lissafi zai tura ta wajen biyar ɗin. Ina rinjayen yake? Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, waɗannan alƙaluman daga kyamara da na'urorin hangen nesa suke fitowa, hazo ko ruwan sama na rikita su, kuma ɗan Adam ne ke yanka makin kowane rai. Shi ya sa a 2017 kwamitin ɗa'a na gwamnatin Jamus ya ce kada a bambanta mutane da shekaru, jinsi ko lafiyar jiki yayin haɗarin da babu makawa. Dole kalmar ta nuna tarawa. Ina ba da "jimillar amfani".

Malamin falsafa: Na yarda, injiniya. Sai dai a ce "ra'ayin jimillar amfani", domin "aƙida" tana ja zuwa addini. A farkon ambato a fayyace cewa amfani a nan jin daɗi ne da raguwar cuta, ba riba ba.

Mai tambaya: Madalla, na gode. Saura "machine ethics": "ɗa'ar na'ura" ko "tarbiyyar na'ura"?