Abin da aka tattauna kan itace da bututun hayaƙi kafin hunturun Kanada

Ga abin da na tsinto daga bayanan 'yan uwa:

1. Kowa ya yarda a faskara itace tun bazara, a jera shi sama da ƙasa inda iska ke ratsawa. Mai tauri yakan kai shekara 2 kafin ya bushe. Danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100.

2. Ɗanyen ice ne ke tara baƙar kunkunniya mai kama da kwalta a bututu, kuma ita ke kamawa da wuta. A share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara.

An rabu kan sharar: wasu na yi da kansu, wasu sun ce a kira ƙwararre. Ni ina tare da na biyun, hawa rufi cikin ƙanƙara ganganci ne.

3. A kafa na'urar gano iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba marar launi da wari da ƙona itace ke iya fitarwa.